Ruwan Farko na Baba Mita

Ba a banza 'yan benen suka sa masa Baba Mita ba, kuma ta fuska biyu sunan ya kama shi. Akwai mitar ruwa da ke ƙarƙashin matakala, wadda yakan sauka ya tsuguna a gabanta da tocila, ya tsura wa allurarta ido kamar yana jiran ya kama ta da ƙarya. Akwai kuma mitar baki. In aka bar famfo yana ɗiga da safe, to har la'asar ba a gama jin labarin ba: wa ya buɗe, me ya hana shi rufewa da kyau, ko hannun nasa ciwo yake yi ne.

Ba rowa ba ce, a yi masa adalci. Mutum ne da zai cire rigar jikinsa ya ba ka. Ruwa ne kawai ba ya iya gani yana tafiya a banza, domin ya tashi a inda sai an ci rabin safiya a hanya kafin a samo shi, kuma ya ce har yau wuyansa bai manta ba. Ya yi shekaru yana tuƙa bas a cikin gari, da ya ajiye aiki sai ya dawo gida ya naɗa kansa mai gadin famfo. Ruwan wanke shinkafa na shukokin baranda ne, ruwan ɗaurayar kaya na goge ƙasa. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan ce da zai iya, da hawayen yankan albasa ma sai ya tara a kofi.

Su huɗu ne a gidan, can sama a wani tsohon bene mai dogayen tagogi da bututan da ke gurnani in an buɗe famfo. Shi da Inna, da 'yarsu Auta wadda ta dawo wurinsu tun da aiki ya kai mijinta nesa, sai 'yar Autar, jaririya mai kumatu wadda ko haƙori ba ta gama fitarwa ba amma ta riga ta karɓe mulkin gidan. Baba Mita ne ya raɗa mata Manaja. Ya ce duk zamansa a wurin aiki bai taɓa ganin shugaban da zai yi ihu ɗaya kowa ya miƙe da gudu ba sai ita.

Auta a gidan burodi take aiki, tun gari bai gama wayewa ba take fita. Da nono ya ja baya aka koma madarar gwangwani, sai fidar safe, wato kwalbar shayar da Manaja, ta faɗo hannun Baba Mita. Gaskiya ba ba shi aka yi ba, ƙwata ya yi. Ya ce Inna garaje gare ta, ba ta shafe bakin cokalin awo.

Yana da tsarinsa, kuma ba a sa masa baki. Kafin kowa ya taɓa famfon kicin, kafin a wanke ko cokali, shi zai fara buɗewa ya tari ruwan farko a 'yar tukunyar Manaja. A nasa ilimin, ruwan da ya kwana a bututu ya huta, duk wani datti ya kwanta, ba wanda ya girgiza shi. Shi ne kan ruwa, abin da ya biyo baya na sauran jama'a ne. Sannan ya ɗora a wuta ya tafasa, kuma ba irin tafasar da mutane suka sani ba. Sai ruwan ya ƙone ya koma rabi yake saukewa.

"Malam," in ji Inna wata safiya tana kallon tururin, "kai da kake bin ɗigo da kofi, ga rabin tukunya kana aikawa sama."

"Wannan ba ɓarna ba ce, hidima ce. Manaja ake yi wa."

"Ni da na tsufa ina dafa maka shayi, ko cokali ɗaya ba ka taɓa ƙona mini ba."

"Ke ai kin riga kin yi ƙwari. Ƙwayar cutar da ta shiga jikinki ita za a yi wa jaje."

In madara ta haɗu ta huce, sai ya zauna a kujerar bakin taga, ya kwantar da Manaja a hannun hagu, ya tada mota. Daga ƙirjinsa yake fitar da ƙarar inji, ƙasa-ƙasa, har da canjin giya. Ita kuwa ta kama gemunsa da hannu ɗaya tana sha, idonta cikin nasa. Duk duniya babu lokacin da yake so kamar wannan, kuma ba ya ɓoyewa.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar lafiya ta ƙwanƙwasa ƙofa, yarinya mai gilashi da jaka cike da 'yan kwalabe. Ta ce ana bin tsofaffin gidaje ne ana gwada ruwansu. Ta miƙa masa kwalba ɗaya, ta ce gobe da safe a cika ta da ruwan da ya fara fitowa daga famfon kicin, kafin kowa ya taɓa shi.

Baba Mita ya juya ya dubi Inna, baki har kunne. "Kin ji ko? Har hukuma ta san darajar ruwan farko."

Ya cika kwalbar da hannunsa, ya goge jikinta da tsumma mai tsabta, da yarinyar ta zo karɓa har ya raka ta bakin matakala.

Ranar da ta dawo, Auta na wurin aiki, Manaja na zaune a tabarma tana cizon murfin roba. Ma'aikaciyar ta ƙi shayin da aka miƙa mata. Ta ce an sami dalma a ruwan benen, fiye da yadda ya kamata. Daga tsofaffin bututan da ke cikin bango take fitowa. Ba ta da launi, ba ta da wari, harshe ma ba ya jin ta. Manya ma ba ta bar su ba, amma ƙananan yara ta fi yi wa illa, don tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma. Sai ta dubi tabarma ta ce, "Wannan nono take sha ko madara?"

"Madara," in ji Baba Mita, "amma kwantar da hankalinki, 'yata. Wannan ba ta shan ruwan da kowa ke sha." Ya gyara zama ya zayyana mata tsarinsa tun daga tushe, yadda yake riga kowa tashi, yadda yake tarar na farko, yadda ba ya saukewa sai ya koma rabi. Yana magana yana jiran yabo.

Yarinyar ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. Da ganinta ka san ta so a ce wani ne zai faɗi abin da za ta faɗa.

"Baba, dalma ba ƙwayar cuta ba ce da zafi zai kashe. Ƙarfe ce. In ruwa ya daɗe tsaye a cikin bututu sai ya yi ta jiƙo ta, shi ya sa na farkon ya fi kowanne ɗauka. In kuma aka tafasa, ruwan ne yake tashi. Ita tana nan a tukunya."

"Kamar gishiri in miya ta ƙone," in ji Inna a hankali. Tana rufe baki ta yi da-na-sanin buɗe shi.

Ma'aikaciyar ta ci gaba da bayani. Wanka da wanki ba matsala. Da safe a bar famfo ya zuba har sai ruwan ya yi sanyi a hannu. Na sha da na girki da na madara kuwa sai an tace, ta kuma ciro wani mataci na musamman daga jakarta ta nuna wa Inna yadda ake zuba ruwa ta sama ya tsiyaye ta ƙasa. Za a zo a canja bututan, amma ba yau ba. A kai jaririyar asibiti a gwada jininta. Baba Mita yana ta gyaɗa kai, amma kunnensa ya tsaya tun a wurin tukunya.

A asibiti, da aka soki Manaja don ɗiban jini, ta tsala ihu ta miƙo hannuwa wajen kakanta kamar yadda ta saba. Sai ya mayar da nasa hannuwan baya ya haɗe su. Auta ce ta rungume ta.

Da sakamako ya fito, likita ya ce dalmar ta ɗan haura inda ake so, amma ba ta kai ta ba da magani ba. Tunda an gano daga inda take shiga an kuma toshe, za ta riƙa sauka a hankali. A ba ta abinci mai gina jini, a dawo a sake gwaji. Inna ta yi hamdala, Auta ta share ido. Baba Mita bai motsa ba.

"Likita, wadda ta riga ta shiga fa? Ta taɓa mata wani abu?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Yau ba wanda zai iya rantse maka. Yara da yawa da aka gano da wuri haka suna tashi lafiya lau. Za mu riƙa duba ta tana girma."

Daga ranar gidan ya yi tsit, kuma ba tsit mai daɗi ba. Baba Mita ya daina shiga kicin. Ya daina sauka duba mita. Da safe sai ya zauna a gefen gado, yana jin Inna ta buɗe famfo ruwa na ta zuba, bai ce a kawo bokiti ba. Ita ta tara da kanta ta yi wanki da shi, tana yi tana leƙo shi ko zai yaba. Da ta ga shiru, sai ta koma tsokana. Ta bar famfo yana ɗiga, ta kuma ajiye kwanon ƙarfe a ƙarƙashi don ƙarar ta isa ko'ina. Ya zo ya wuce ta bakin ƙofar kicin, ya ji, bai ko waiwaya ba. A nan Inna ta tsorata da gaske. Ta shekara da shekaru tana roƙon Allah ya sassauta mata mitar mutumin nan, ga shi an amsa mata ta rasa inda za ta sa kanta.

Manaja kuwa ba ta san da wani bayani ba. Da yamma takan karɓi fida a hannun uwarta, amma ta safe ta ce atafau. Inna na sa mata a baki sai ta tsotsa kaɗan ta ture, ta banƙare, tana leƙen ƙofa. Inna har ƙarar mota ta gwada yi mata, abin ya fito kamar an shaƙe akuya, yarinyar ta ƙara ƙarfin kukanta har maƙwabta suka aiko tambaya. Yana jin duk wannan daga ɗaki. Kowane kuka a ƙirjinsa yake sauka, amma in ya dubi hannuwansa sai ya ji ba zai iya ba.

Wata yamma Auta ta dawo, ƙamshin burodi bai bar jikinta ba, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah ka daina. Ni ma fa da ruwan famfon nan nake haɗa mata ta yamma. Duk benen nan shi muke sha. Ba kai ka sa bututun ba."

"Ke famfo kika buɗe kawai, Auta. Ni zaɓa na yi." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na riga kowa tashi na zaɓo mata mafi muni. Na tsaya a kansa har ya ƙara ƙarfi. Na hura ya huce, na sa mata a baki ina yi mata wasa. Tana kallona tana sha."

Ba ƙarya a cikin maganarsa. Auta ta ɗora goshinta a gwiwarsa, ya dafa kanta.

Inna tana jin su daga kicin. Ita ba mai dogon lallashi ba ce, kuma ta san mijinta: in aka biyo shi da magana, sai ya fi kowa hujja. Washegari da Auta ta fita, sai ta yi wanka ta shirya tsaf, ta ɗauki kwandon cefane, ta ɗauko Manaja ta dire ta a ƙasa daidai ƙafafunsa.

"Na tafi kasuwa."

"Da sassafen nan? Ki ba ta ta sha tukuna."

"Ta ƙi ni, kana ji kullum. Ga mataci can na cika shi, ga gwangwani, ga tukunya. Ka san hanyar kicin, ba a canja mata wuri ba."

"Ke, tsaya mana!"

Ƙofa ta rufe.

Manaja ta dubi ƙofar, ta dubi kakanta, ta taɓe baki. Ya ce, "Yi haƙuri, yanzu za ta dawo." Ba ta yi haƙurin ba. Ta fara da ƙananan koke-koke, ta haura zuwa na gaske, irin wanda ke sa fuska ta yi jawur numfashi ya riƙa sarƙewa. Ya miƙe ya nufi ƙofa da niyyar kiran matar maƙwabci, sai ya ji an riƙe ƙafar wandonsa. Ta rarrafo ta kama, tana ƙoƙarin miƙewa a jikinsa, hanci da ido duk ruwa. Yunwa take ji, kuma a saninta mutum ɗaya ne ke maganin yunwar safe.

Ya sunkuya ya ɗauke ta. Ta yi masa nauyi fiye da yadda ya bar ta, ko kuwa hannunsa ne ya manta.

A kicin ya tsiyayi ruwa daga matacin a kofin gilashi, ya ɗaga shi saitin taga. Garau yake. Na famfon ma haka yake, garau. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan: idon da ya dogara da shi tsawon rai, wanda ke hango rami a titi tun daga nesa, a nan ba shi da amfani. Ya kurɓa, ya juya a baki, bai ji komai ba, kuma ya san ko da akwai ba zai ji ba. Ba abin da ya rage sai ya yarda da maganar yarinyar nan mai gilashi, shi da bai saba yarda da aikin da ba hannunsa ya yi ba.

Ya zuba a tukunya ya kunna wuta. Ruwan na tafasa sosai ya sauke, ko da yake hannunsa ya so ya bar shi. Ya auna madara, kaɗan ta zube a kan tebur. Ya girgiza, ya sanyaya, ya ɗiga a bayan hannunsa. Duk wannan da hannu ɗaya ya yi, Manaja na saɓe a kafaɗa tana yi masa ihu a cikin kunne.

Ya zauna a kujerar bakin taga ya kwantar da ita. Ya kai fidar bakinta. Sai ta kau da kai. Ya sake kaiwa, ta sake kauwa, ta tsaya da kukan tana kallonsa, tana ajiyar zuciya. Jira take yi.

"Haba Manaja," ya ce, "yau motar ba lafiya."

Ba ta karɓi uzuri ba. Dole ya ja numfashi ya tada injin. Ƙarar ta fito a karye, tana yankewa tana dawowa. Amma ta wadatar. Ta cafki fidar, ta kai hannu ta damƙi gemu, ta shiga sha kamar wadda aka yi wa rowa shekara guda. Hawayensa na gangarowa ta cikin gemun har kan yatsunta, ita ko a jikinta.

"Ki yafe mini," ya ce mata ƙasa-ƙasa. "Wallahi mai kyau nake nema miki."

Ta shanye tas, ta yi gyatsa, barci ya kwashe ta a kafaɗarsa.

Ba a jima ba ƙofa ta buɗe a hankali. Inna ta shigo, kwando wayam, bayan zanenta duk ƙurar matakala, idonta ya yi ja.

"Ina cefanen?" ya tambaya.

"Ban ga abin kirki ba."

"A kan matakala?"

"Ka ji da abin da ke gabanka." Ta ajiye kwandon ta zo ta tsaya a kansu. Ta ɗauki fidar ta ɗaga, ta ga ba ko ɗigo, ta mayar da ita.

Yana shafa bayan yarinyar ya yi magana.

"Abin da ke cina, ba yau za a sani ba. Sai ta fara magana. Sai ta shiga makaranta an ga yadda kanta yake ɗauka. Ni kuwa dubi inda shekaru suka kai ni. Ina tsoron in tafi ban san abin da na yi mata ba."

Inna ta ja kujera ta zauna kusa da shi, gwiwarta na taɓa tasa.

"To ka ga aiki ya same ka. Ba inda za ka, Malam. Ba ka da izinin mutuwa sai yarinyar nan ta zauna a nan ta buɗe littafi ta karanta maka da bakinta, ka ji da kunnenka. Kuma kada ka zaci ban san inda kake tura maganin hawan jininka ba. Duk ranar da na kakkaɓe katifa sai na tsinci ƙwayoyi."

"Ɗaci gare shi."

"Na ji. Ita ma allurar da aka yi mata ba zuma ba ce."

Ya dubi kan Manaja, gashin ya jiƙe da gumi ya manne a goshi, bakinta a buɗe tana numfashi a wuyansa. Kafin yarinyar nan ta iya karatu akwai tafiya mai nisa, ya kuma san nisan. Ya miƙa hannun da ba ya riƙe da ita.

"Kawo maganin."

Inna ta tashi ta ɗauko, ta tsiyayo masa ruwa daga matacin. Ya haɗiye a hankali, bai motsa kafaɗarsa ba don kada ta farka.